Zanar da Aka Goga Baya a Jikinta

A saman soronmu na unguwar Jarwal, bayan Magariba, kakarmu Sitti Hauwa takan hura gawayi ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Mu haihuwar Makka ne, ba mu taɓa ganin zana ba. Sai da ta yi mana bayani cewa katanga ce ta ciyawa.

"Uskut, ya walad, ku yi shiru, ga tatsuniyarku ta iso," in ji ta. "Kun san inda aka samo kalmar gugar zana?"

Wai wani mutum ne yake son sarautar gari. Kullum yana zagayawa yana gaida kowa, bakinsa kamar zuma. Amma in ya zo gidan baƙi, sai ya tsaya ya goga bayansa a jikin zanarsu. Mutanensa na kallo. Washegari ba mai sayen kayan gidan, ba mai ɗaukar gawarsu. In an tuhume shi sai ya ce, "Ni? Ƙaiƙayi nake ji."

Muka fashe da dariya. Sitti ba ta yi ba. Ta ce, "Wanda ya zage ka da baki, ka san inda za ka kai ƙara. Wannan fa, ina shaida?"

Yau shekaruna hamsin da biyu, kuma sai bara na fara koyon karatun boko, harafi bayan harafi. Makon jiya ana shirin zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, wani ɗan takara ya rubuta a zauren waya: "Mu zaɓi ɗan gida, mu share ƙurar hanya." Sau uku na karanta, ina fatan ni ne na yi kuskure. Masu ƙurar hanya su ne waɗanda iyayensu suka biyo ta Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka. Matata Zainaba tana cikinsu, rumfarta ta turare kuma da yardar ƙungiyar take tsaye.

Ɗana Faisal, wanda Larabci ya fi masa sauƙi, shi ya ƙara yaɗa saƙon. Ya ɗauka tsabtar kasuwa ake nufi. Yanzu na gane tsoron Sitti: irin wannan magana har ɗanka sai ya ɗauke ta ya kai da hannunsa.

Yau na zauna na rubuta masa: "Faisal, ƙurar nan mahaifiyarka ce." Alama ta nuna ya karanta tun Azahar. Ga La'asar ta wuce, har yanzu bai goge saƙon da ya yaɗa ba.