Kiyashin Gindin Katanga

Wata safiyar Laraba, a daminar farko bayan ɓarkewar yaƙin basasa, aka naɗa ni babban likitan gidanmu da ke Dala. Ba a yi taro ba, ba a ba ni farar riga ba. Inna ce kawai ta miƙo mini gwangwanin madara da fitsarin Baba a ciki, ta ce, "Je ka zuba a gindin katanga, ka tsuguna. In kiyashi sun taru ka zo ka faɗa min. Saura kuma ka zarce wasan langa." Lokacin ina aji biyu, ajin da na ƙaunata har na maimaita shi, daga nan ni da boko muka rabu lafiya.

Baba baduku ne, a zaure yake ɗinka takalma da jakunkuna, kuma ciwon suga ya daɗe da kama shi. Kafin rikici akwai wani malamin asibiti, Ibo, da ke duba shi a shagonsa a Sabon Gari. Yakan haɗa fitsarin da wani ruwa shuɗi a 'yar kwalba ya ɗora a wuta, in ya koma ja sai ya hau Baba da faɗa: "Malam, ba na ce ka bar fura da zuma ba?" Da aka yi kashe-kashen nan mutumin ya hau jirgin ƙasa da iyalinsa. Ko ya isa gida ko bai isa ba, Allah masani. Shagonsa dai mun gan shi babu ƙofa. Shi ne Inna ta koma ga abin da ta ji a wurin tsofaffi, wai kiyashi ba sa wuce zaƙi.

Na riƙe aikina da gaskiya. In na ɗebo ruwa a rijiya, na ɗauko wa Baba fata daga majema, sai in tsuguna ina jiran ma'aikatana su fito daga ramukan katanga, yaran layinmu na leƙowa suna kirana Dokta Fitsari. Ranar da kiyashin suka yi cincirindo, tuwon dawa ɗan mitsitsi Baba zai gani da kwaɗon zogale. Yakan dubi kwanon ya ce, "Ni da gidana, kiyashi ke yanka min tuwo?"

Sai wata rana ba su zo ba. Washegari ma haka, har aka kwana biyu ƙasa na bushewa ko ɗaya bai leƙo ba. Inna ta rangaɗa guɗa, aka yi waina sadaka, maƙwabta suka shigo barka. Baba ya koma wa furarsa da zuma, har da alkaki bayan la'asar, yana ta ba mutane labarin likitancina. Babu wanda ya lura cewa Ladi maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya shiga soja aka daina jin ɗuriyarsa, ta fara dafa alewar sayarwa a bayan katangar nan. Kiyashin gidanmu kaf sun yi ƙaura. Ba mu gane ba sai ranar da ta shigo roƙon toka tana cewa, "Inna, sun hana ni sakat, kamar an aiko su." Inna ta zauna daɓas a ƙasa. A lokacin basilla ta riga ta soki Baba a tafin ƙafa bai ma ji ba, gyambon ya yi baƙi, yana hawa. Bai ga ƙarshen yaƙin ba.

Yanzu ciwon ya dawo kaina, gado ɗaya ke nan da ba a yi rigimar rabonsa ba. Jikata Bilkisu ta kawo mini na'ura kamar ƙaramar waya. Ana zura mata wani siririn tsinke, a tsaga yatsa, a taɓa ɗigon jinin a bakinsa ya zuƙe. Ta ce akwai magani a bakin tsinken, in ya haɗu da sugan jini sai ya ba da 'yar wutar lantarki, na'urar ta auna ta, ta fitar da lamba. Tsinke ɗaya gwaji ɗaya. In ka bar kwalbar tsinken a buɗe ya sha danshi, ko wa'adinsa ya wuce, ƙarya zai yi maka ko kunya babu. Na ce, "Wato har da lantarki a jinina, ga unguwa babu wuta?" Ta ce, "Kaka, miƙo yatsan dai."

Ina miƙawa. Lambar kullum sama take, kamar ta rantse. Tsinken ya ƙare a yi wata ba a samu wani ba, in an samu kuma ya faɗa mini abin da na riga na sani. Tun bara na daina jin sanyin siminti a yatsun ƙafata ta hagu in ina alwala, ban dai faɗa wa yarinyar ba. Baba ya samu 'yan watannin da ya ci ya sha yana dariya, yana zaton ya warke. Ni kuwa an ba ni sani, sanin kawai.