Kwalbar Mudassir

Duk unguwar Ridina an san Inna Rahmatu da warin binega. Jikar mahajjata ce da suka taso daga Hadeja da niyyar Makka, ƙafa ta gaji a N'Djamena, suka yada zango har yau. Ta yi shekaru tana aikatau a gidan wata 'yar Labanan, kuma abin da ta fito da shi daga can bai wuce ciwon baya da iya jiƙa ƙwai ba.

Takan dafa ƙwan ya yi tauri, ta ɓare, ta jera a tsohuwar kwalbar mayonez. Sai ta tafasa binega da gishiri da tafarnuwa da barkono, ta zuba har ya rufe su. Maƙwabta na toshe hanci suna cewa ƙwai da tsami ai ɓarna ce. Ita ko a jikinta. Ba don su take yi ba.

Ɗa ɗaya gare ta, Mudassir, wanda ya tafi haƙar zinariya can arewa cikin sahara, inda waya ba ta shiga kuma abinci ba ya kwana. Ƙwan nan kaɗai ke jure tafiyar. Duk lokacin da Abdulgani, direban tankar da ke kai musu ruwa, zai tashi, sai ta ba shi kwalba cike, ya dawo mata da wadda aka cinye. Kwalbar nan ce shaidarta cewa ɗanta na raye. Takan dawo da datti, da yashi, da guntun tafarnuwa a gindi, don Mudassir tun yana yaro ko cokali bai taɓa wankewa ba. Inna takan wanke tana zaginsa tana murmushi.

Bana, bayan damina, sai kwalba ta fara dawowa fes, har da ƙanshin sabulu. Karon farko Inna ta ƙyale. Da aka sake, ta riƙe hannun rigar direban a zaure.

"Abdulgani, wa ke wanke kwalbar nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ni ne."

"Wa ke cin ƙwan?"

"Abokan aikinsa nake ba. Ramin da suke ciki ya rufta, an ciro wasu, shi ba a gan shi ba. Wasu kuma sun ce kafin nan ya ƙetara Libiya. Wallahi ban sani ba, Inna. Na kasa faɗa miki."

Abin tausayi ne ka ga tsohuwa ta rasa ko gawar da za ta yi wa kuka. Ba ta yi kukan ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe, har ya ɗauka ta sallame shi ke nan. Can ta fito da sabuwar kwalba naɗe a tsumma, ta miƙa masa.

"Ka kai," in ji ta. "In za ka dawo da ita, don Allah kar ka wanke."