Ba Hambali Ne Ya Kashe San Magaji Ba

Kullum aka idar da sallar asuba a Gazawa, kafin mai koko ta sauke tukunya, za ka ji moton Malam Hambali, wato babur ɗinsa, yana tari a ƙofar gida. Sai an tura shi sau biyu ko uku kafin ya yarda ya tashi. A bayansa akwai bokiti, da adda, da ƙunshin baƙar leda. Ba ya fara biyawa ta buro, wato ofishinsu, don ya ce babu saniyar da ke kwana a can. Malamin dabbobi ne na gwamnati, shekara ashirin da bakwai ke nan yana wannan fita, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwarsa ta gaji, moton ya gaji, ni ma na gaji da jin sunan da muka laƙaba masa.

Abin da yake koyarwa bai fi a faɗe shi a zama ɗaya ba. A yanki ciyawa tana ɗanya, kafin ta fitar da kai, a shanya ta a inuwa. Harawa kuma a daina jibge ta a kan rufin ɗaki, inda rana za ta cinye ganyen ta bar wa sa igiya. Mu kuwa mun fi son harawarmu a sama, yadda duk mai wucewa zai ɗaga kai ya san gidan nan an yi wake. Mu ɗaure sa wata biyar yana cin tsinke, mu kai shi kasuwa haƙarƙari a waje, mu dawo muna zagin dillali.

A shekararsa ta shida da zuwa, damina ta yanke da wuri, daji ya zama fili. Sai ya zo mana da dabarar kara. A daddatse karan hatsi, a narkar da farin takin zamani a ruwa daidai gwargwado, a yayyafa, a tattake a rami, a rufe da leda. Bayan sati uku a buɗe, a bari iska ta sha shi, sannan a ba dabba. Mun fi mutum arba'in a gindin bishiyar da ya nuna mana, har da yayana Magaji, wanda a lokacin yake da wani farin sa a turke. Duk abin da gidanmu ke sa rai a shekarar a jikin san nan yake.

Kwana uku da yin darasin, san ya kumbura da hantsi, ya kama makyarkyata, ya faɗi. Kafin a kawo wuƙa ya zama mushe. Magaji ya fito ƙofar gida, surukansa na tsaye, ya ɗora hannu a ka yana cewa maganin Hambali ya kashe masa sa. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Tun daga ranar sunan Hambali ya koma Kashe-sa, kuma ni da bakina na kira shi da shi ba sau ɗaya ba.

Gindin bishiyar nan ya watse. Idan aka ji motonsa, sai a ja ƙyauren gida. An mai da shi yamma, ya yi shekaru wajen Cadakori da Sae Sabuwa, ya dawo ya tarar da sunan yana zaune yana jiransa. Bai yi fushi ya zauna a buro ba, kamar yadda da ni ne zan yi. Da maza suka ƙi shi, sai ya koma wa mata masu turke ɗaya a bayan ɗaki. Larai, wadda mijinta ya rasu ya bar mata maraƙi kamar kare don rama, ita ta fara yarda. Cikin tsakiyar damina, kowa na noma, aka gan ta tana yankan ciyawa, aka ce ta zare. Da bazara ta yi, shanunmu na lasar ƙasa, san Larai sai da mutum biyu suka riƙe shi zuwa kasuwa. Mahauta suka yi ta zagaya shi suna taɓa ƙugunsa. Yau a unguwarsu babu gidan da ba shi da rumfar ciyawa. A sauran garin kuwa, kada in yi muku ƙarya, har yanzu rufin ɗaki ne, kuma har yanzu Kashe-sa ake cewa, har waɗanda ba a haifa ba lokacin.

Watan jiya Magaji ya aika a kira ni. Ya tsufa, ido ya fara tafiya. Ya ce in zauna, yana murza tasbaha.

"Ka ji Hambali zai aje aiki? To ni na kashe san nan."

Na ce ban gane ba.

"Cewa na yi, mi zai sa in tsaya jiran sati ukku? Abin da ke tada hatsi cikin kwana bakwai, in ya shiga cikin sa kai tsaye ai sai ƙiba. Na ɗebo takin busasshe na zuba mashi cikin dussa. Kuma Hambali ya sani. Ran nan da ya zo, ya sa hannu cikin kwamin dussar ya ɗago ƙwayoyin takin, ya dube ni. Na ce shi ke nan, yau zai tona ni gaban surukaina. Sai ya ɗebi ruwa ya wanke kwamin da hannunshi, ya ce Allah shi maida alheri, ya hau motonshi."

Na fita daga ɗakin. Na samu Malam Hambali a gida yana shafa wa gwiwa man zafi. Na tambaye shi dalilin da ya sa ya yi shiru shekara ashirin da ɗaya.

"Mutum ya rasa sa, in ƙara mashi da kunya?" in ji shi. "Kuma da laihina ciki. Na hwaɗa maku yadda ake yi, ban hwaɗa maku abin da ke hwaruwa in an yi gaggawa ba. Don Allah ka bar maganar nan, ta wuce."

Ka yafe mini, Malam, ba zan bar ta ba. Kai ne ka ɗauki kunyar gidanmu ka goya a bayan moto, gari gari, ba ka taɓa sauke ta a gaban kowa ba. Kai ne wanda tun ranar ba ka ƙara buɗe darasi ba sai ka fara da kashedi, mu kuma muna cewa tsoro ne ya kama ka. Na hana kaina iliminka don taurin kai, shanuna sun sha yunwar da ba ta zama dole ba, kuma ina jin kunyarka ƙwarai. Mun gode, duk da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba.

Har yau ba a turo wanda zai maye gurbinsa ba, kuma ban ga alama ba. Saboda haka wanda ya koya a wurinsa ya koya wa maƙwabcinsa, da haƙuri irin nasa, ko da rabinsa ne. Wanda bai koya ba ya sauke girman kai ya je ya tambayi Larai.

Magaji ya ce in rubuta sunansa yadda yake, kada in sakaya. Ya ce kuma ranar Juma'a, bayan an sallame, a kama hannunsa a tsayar da shi a ƙofar masallaci, zai faɗa da bakinsa. Duk wanda ya taɓa kiran bawan Allahn nan Kashe-sa, ya daure ya tsaya ya ji. Ni ne zan riƙe hannun.