Ninkin Rigar Nusaiba

Inna Tabawa ta tsufa a kan keken ɗinki a wani lungu na Gyadi-Gyadi, kuma kayan yara kawai take ɗinkawa. Duk rigar da ta fito daga hannunta sai ta bar mata ninki mai faɗi a ƙasa. Iyaye mata suna mita wai tana ɓarnar yadi. Ita ko a jikinta.

"Yaro ba ya tsayawa," in ji ta. "In ya yi tsawo ki dawo da ita in warware."

Haka kuwa ake yi, har ranar da Sa'adatu, matar wani mai adaidaita daga Unguwar Gano, ta shigo da 'yar rigar Sallah ruwan hoda. Ninkin na nan yadda aka ɗinke shi. Ƙyanda ta yi ajalin 'yarta Nusaiba.

"Inna, ki ba wata sadaka. Ba na son ganinta a ɗaki."

Inna ta karɓa, amma ba ta ba kowa ba. Ta rataye ta a ƙusa bayan keke. Duk ƙaramar Sallah sai ta sauko da ita, ta warware kaɗan, ta goge, ta mayar. Masu cewa ta fara ruɗewa ba su taɓa auna yaro da hannunsu ba.

Bana ninkin ya ƙare. Jiya da na leƙa wurinta, na same ta tana gwada wani ƙyalle a bakin rigar don ta ƙara mata tsawo.

"Ai yanzu Nusaiba ta kusa kafaɗata," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.