Ranar da na hana Baba sukari

A shekarun saba'in ni budurwa ce a Magarya, ban daɗe da gama lakwal ba, wato makarantar boko, ina ji da kaina don ni kaɗai ke iya karanta takardar likita a gidanmu. Babana tela ne. Har yau ina jin ƙarar kekensa a zaure, da ƙanshin shayin da yakan dafa wa abokan hirarsa. Da aka gano yana da ciwon sukari a Zinder, aka ba shi ƙwayoyi, sai na zama mai gadinsa. Na ɓoye sukari, na hana dabino, shi kuwa sai dai ya yi dariya ya ce ya haifa wa kansa jandarma.

Wata rana a kakar gyaɗa ya sha maganinsa da safe, ya yi sammakon gona bai karya ba. Da hantsi na kai masa fura, na tarar da shi zaune gindin gawo, zufa ta jiƙa rigarsa, hannunsa na rawa, magana na sarƙe masa. Ya roƙe ni abu mai zaƙi. Wani makiyayi da ke kusa ya kwance ƙullin sukarinsa ya miƙo, na ture hannunsa, na ce kashe min uba zai yi. Ina kallo Baba ya fara kira na da sunan marigayiya innata.

Allah ya kawo wani tsohon ma'aikacin asibiti a kan keke. Ya tambaya ko Baba ya ci abinci bayan magani, na ce a'a. Ya dube ni ya ce: «'Yata, sukarin ne ya yi ƙasa. Ba shi yanzu, tun yana iya haɗiya.» Muka jiƙa sukarin makiyayin a ruwa, Baba ya kurɓa kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba ya gane ni, sannan ya sha furar. Dattijon ya gargaɗe ni cewa in ya suma, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Baba ya ƙara shekaru tare da mu, bai taɓa tayar min da zancen ba. Ni ce ban manta ba. Rabin bayanin likita na riƙe, na ɗauka duka ne. Masu jinyar mai ciwon sukari, in kun ga zufa da rawar jiki da ruɗewa, kada tsoron zaƙi ya hana ku ba shi. Ni ƙauna ce ta sa na ture hannun nan, kuma saura kaɗan ta raba ni da ubana.