Akwatin Jana'iza a Shafin 'Yan Zongo

Ranar Laraba da ƙarfe bakwai Mannir ya sha kunu a tsaye, ya gaida mahaifinsa Malam Zakariya'u, ya hau moto, wato babur ɗinsa. Ƙarfe takwas ya buɗe sibar, shagon intanet da yake tsaro. Ƙarfe goma ya zauna kan shafin ƙungiyar 'yan Zongo, wanda ya gina a 2006. Ƙarfe ɗaya ya ci shinkafa da wake, shida ya dawo gida. Shekarunsa ashirin da bakwai.

Aikinsa tacewa ne. Direbobi da 'yan kasuwa kan turo ƙananan akwatunan sanarwa: motar Yamai, sabuwar atamfa daga Kano, ranar suna. Babu sanarwar da ke hawa shafin sai ya duba. Na jana'iza kaɗai ya bari a buɗe.

"Baba, gawa ba ta jira in dawo daga salla," ya taɓa ce wa mahaifinsa.

Ta wannan ƙofa aka shigo. Alhamis da safe wani ya saka hoton wani direba, Shitu, ya rubuta cewa shi ke sace kayan fatake. Aka buga a takarda, aka liƙa a tasha. Kafin azahar an fasa wa Shitu kai, an ƙone motarsa. A ƙasan takardar akwai layin da ke kowane shafi: mai kula, Mannir Zakariya'u.

Ƙarfe uku ƙannen Shitu biyu suka shigo sibar.

"Kai ne mai kula?"

"Ni ne, yallaɓai. Ku zauna, ai na cire hoton."

"Daga bangon tasha ma ka cire, ɗan boko?"

Babban ya ɗaga ƙarfen cire taya. Bugun farko ya karya hannun da Mannir ya kare fuska da shi. Na biyu ya same shi a bayan kunne. Ya faɗi tsakanin kujeru, ba su tsaya ba. Likita ya ƙirga wa Malam Zakariya'u raunuka bakwai, ya ce uku na ƙarshe kan gawa suka sauka.

Jandarma sun kama ƙannen. Wanda ya saka hoton ba a gano shi ba.

Bayan sadakar arba'in, mahaifiyarsa Indabo ta raba rigunansa ga maƙwabta. Takalmansa sun yi wa kowa girma, aka kai masallaci. Agogonsa Malam Zakariya'u ya sa a aljihun tebur, ya kulle.