Keken Busaina Mai Ƙafa Iri Biyu

A Safaga, garin bakin teku, in ka ce Busaina ta gidan ruwa, kowa ya san wadda kake nufi: 'yar ƙaramar matar nan da ake gani da sassafe a hanyar Kusair, ta duƙufa a kan keke kamar mai neman allurar da ta faɗi. Shekararta arba'in da uku, sha tara daga ciki ta yi su ne a ɗakin gwaji na inda ake tace ruwan teku ya zama na sha. Aikinta ta ɗebi ruwa a 'yan kwalabe, ta auna gishirinsa, ta rubuta. Aikin ya bi jikinta, har ya zama ba ta yarda da maganar da ba a auna ba.

Ita ce autar Rayyis Shazli, wanda ya yi shekara hamsin yana jan jirgin kamun kifi kafin yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Iyo a wurinsa ta koya tun tana ƙarama. Gudu kuwa bayan rasuwar mijinta ta fara, da ta komo gidan uban, zaman ɗaki ya ishe ta. Keke ya zo daga baya. Da ta ga ta haɗa ukun, sai ta shiga gasar da ake haɗa su a rana ɗaya. Ta yi gajerun sau biyar, sannan ta sa sunanta a babbar ta watan Nuwamba: iyo kusan kilomita huɗu, keke ɗari da tamanin, gudu arba'in da biyu.

Saura wata uku ta kai kekenta wurin Usɗa Milad a duba sarƙa. Shi ne mai gyaran kekunan 'yan tsere a garin, ga baki kamar reza. Ya sauko mata da wasu ƙafafun keke guda biyu daga saman shago, baƙaƙe, bakinsu ya yi faɗin yatsu huɗu, alhali na nata bai wuce yatsa ɗaya da rabi ba. Ya ce na wata Bajamushiya ne mai koyar da nutso, ta tafi gida haihuwa, ta ce a ara wa duk mai bukata.

"Waɗannan yanka iska suke yi, ranki ya daɗe. Kin ga manyan nan da ke wuce ki fiu? To su suke sawa."

Ta ɗaga ɗaya ta ji ta fi tata ɗan nauyi. Ta tambaye shi minti nawa za su rage mata. Ya ce da yawa. Ta ce da yawa ba lamba ba ce.

"To ni ina na sani? Ni dai na san ke ko buhun siminti ya fi ki nauyi. In iskar arewa ta same ki da su, a Saudiyya za mu je ɗauko ki."

Ta tafi da su gida. Rayyis Shazli ya karɓi ɗaya ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce ya ji ƙarar rami a ciki, ya kai ta kusa da idonsa mai gani. Abin ya ɗaure masa kai, yadda za a ce abu ya ƙara faɗi kuma ya ƙara sauri. Ita ma bayanin da ta karanta bai gamsar da ita ba. Suka yanke shawarar su gwada da kansu.

Suka zaɓi kilomita goma a hanyar Kusair, daga gidan mai zuwa bakin wani kwari da ya ratso tsakanin duwatsu. Kowace Juma'a da Asabar bayan asuba, Usɗa Milad ya ɗauko tsohon a bayan akori-kurarsa da kujerar roba da butar shayi. Busaina ta je ta dawo da ƙafafunta na kullum, a canza mata, ta sake zuwa da masu faɗin, tana duban agogon da ke nuna bugun zuciyarta don kada ƙarfin takawa ya bambanta. Uban kuwa ya ɗaure tsumma a kan sandar fatsa ya kafa a gefen hanya. Da shi da fatar fuskarsa yake karanta iska, kuma sau da yawa ya fi hasashen wayarta daidai.

A ranar da babu iska, masu faɗin sun rage mata daƙiƙa ashirin ko kusa da haka a kowane kilomita goma. Ta lissafa, ta ga a dogon zango minti shida ke nan. Abin da ya ba ta mamaki shi ne ranar da iska ta zo ta gaba amma a karkace. Ta zaci za ta sha wuya, sai ta ji keken na zamewa gaba kamar ana tura shi, tazarar ta kusa ninkawa. Ta sake gwadawa, haka dai.

Tsohon ya yi dariya har ya zubar da shayi. Ya ce wannan ai zanen jirgi ne aka naɗe a ƙafar keke. Jirgi ba ya son iska ta gaba sak, amma in ta zo a karkace, sai a shimfiɗa mata zane ta ja shi. Ya zana mata a yashi da yatsa. Usɗa Milad ya ce dama abin da ya faɗa ke nan tun farko, suka haɗu suka ƙaryata shi.

A mako na biyar iska ta tashi sosai. Busaina na kusa da bakin kwarin, wata babbar mota mai ɗauke da duwatsun taki ta wuce ta, ta tare mata iskar na ɗan lokaci. Motar na gotawa iskar kwarin ta bugi ƙafar gaba, kan keken ya fizge daga hannunta. Ta tsinci kanta a cikin tsakuwa, gwiwar hannu da ƙugu sun ɗaye. Ba karaya. Ta zauna tana kallon ƙafar gaba tana juyawa a sama, abin da ya fara zuwa ranta shi ne, me ya sa ta gaba ce ta fizge, ta baya ko motsi?

Uban ya sa aka ɗora keken a akori-kura suka juya. Sai da suka isa gida, ta wanke ciwon, ya tura mata kwanon wake da gurasa, sannan ya ce, "Auta, jirgi da kai yake ɓata. In zanen gaba ya fi ƙarfin mai tuƙi, rage shi ake yi, a bar na baya."

"Baba, ka ce dai in bar gasar."

"Wa ya ce? Ni da na zuba shayina mako biyar a kan hanya?"

Da ciwon ya kame suka gwada dabara ta uku: siririya a gaba, mai faɗi a baya. Ribar ta ragu, wajen rabi. Amma ta lura da wani abin da agogo bai nuna ba. Da mai faɗi a gaba, ko ranar da ba ta faɗi ba, takan sauka kafaɗunta sun yi tsami saboda kokawa da kan keke, kuma ba ta iya sakin hannu ɗaya ta ɗauki gorar ruwa sai ta rage gudu. A kilomita goma wannan ba komai ba ne. A awa shida da rabi, ga gudu na jira, wani abu ne. Haka ta tsayar. Usɗa Milad ya ɗaura mata yana mita, wai kada ta gaya wa kowa shi ya haɗa keke mai takalmi wari da wari.

Ranar gasa ta fito daga ruwa cikin na gaba-gaba. A kan keke safiyar ta yi lif, ko ganye ba ya motsi, waɗanda suka sa ƙafafu masu faɗi gaba da baya suka yi ta wuce ta, tana jin rugugin ƙafafunsu tun daga nesa. Ranta ya ɗan sosu. Wajen azahar iska ta taso ta gefe. Ta ga wasu sun miƙe zaune suna riƙe da kan keke da hannu bibbiyu, ta wuce uku ko huɗu tana cin dabino. Wasu kuwa, manya masu jiki, iskar ba ta dame su ba, ba ta sake ganin ko ƙeyarsu ba. Gudun ya ba ta wuya daga kilomita talatin, ta yi tafiya a wurare, ta ƙarasa bayan isha'i, awa goma sha uku da minti hamsin, ta huɗu a matan da ke sa'anninta.

Tsakaninta da ta uku minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Usɗa Milad ya ce da ta ji maganarsa ta sa duka biyun da ta hau dandamalin karɓar kyauta. Ta ce ko kuma da tana asibiti. Gaskiyar magana ba ta sani ba, kuma ta faɗa masa hakan, don rana ɗaya ba a maimaita ta balle a auna.

Bajamushiyar ta dawo a watan Janairu da jaririya, aka mayar mata da kayanta tare da kifi soyayye. Busaina ta koma kan ƙafafunta na da. A satin ne Rayyis Shazli, yana da shekara saba'in da huɗu, ya shaida wa Usɗa Milad cewa shi fa bai taɓa hawa keke ba, kuma yana son ya ji abin da kansa. Aka nemo masa mai ƙafa uku. Yanzu da hantsi yakan taka shi zuwa bakin tashar jiragen kifi, ya zauna da tsofaffin abokan aikinsa har azahar.